Wuƙar Yaya Habu

Kwanan baya na ji ɗaya daga cikinku, ku 'ya'yana, ba sai na faɗi suna ba, ya san kansa, yana cewa wai gonar arewa da Lawali ke nomawa alfarma ce aka yi masa, tunda wuƙar da ya zo da ita shaida an gwada ta an tarar jabu ce. Ban tanka ba a lokacin, don da na buɗe baki da ba mu rabu lafiya ba, kun san halina. Amma maganar ta tsaya mini a rai, shi ya sa na ce wannan babin sai na zauna na rubuta shi a tsanake, tun ina da sauran gani. Gaskiya ne wuƙar jabu ce. Ni na gwada ta, ni na faɗa a gaban mutane, kuma har gobe ban canza magana ba. Sai dai wanda ya ba ku labarin ya tsaya a tsakiya, ni kuma zan kai ku ƙarshensa.

Gidanmu na Gazawa gidan maƙera ne tun kakanni. A zamanin da gyaɗa ke da daraja, akwai wani Bature mai sayenta da ƙugiyar sikelinsa ta karye ana tsakiyar kasuwa, buhuna jibge, mutane na jira. Baba ya ƙera masa wata kafin la'asar. Baturen ya ji daɗi, ya zaro wuƙa daga aljihunsa ya ba shi. Irin mai naɗewar nan ce, tsawon tafin hannu, mariƙinta na baƙin ƙaho, ƙusoshi uku na tagulla, ga tambarin wani ɗan kifi mai lanƙwasasshiyar wutsiya an buga a gindin ruwanta. In ka rufe ta sai ta tsaya a rabi, kamar tana tambayarka ko ka janye yatsa, sannan ta rufe da ƙara mai tsabta. Baba, da ya ƙera wuƙaƙe ba adadi, wannan ita ce ba ya ba kowa aro. Da ita yake yanka goro, da ita yake fiƙe alƙalami, in kuma ya ga muna hanzari a aiki sai ya ɗora ta bisa uwar maƙera ya ce mu duba yadda mutanen da ba sa gaggawa suke aiki. Na riƙe ta sau da yawa, na san nauyinta fiye da yadda na san nauyin cokalina.

Mu biyu ne maza a ɗakin Inna, Yaya Habu da ni. Shi ne babba, kuma ya fi ni hannu nesa ba kusa ba, wannan ban taɓa musu ba. Matsalarsa ɗaya, bahago ne. A maƙera kuwa komai an shirya shi don mai dama, inda zugazugi yake, inda ake aje awartaki, gefen da mai bugu ke tsayawa. Kullum sai sun yi karo da Baba, gwiwar hannu na bugun gwiwar hannu. Baba ya yi faɗa, ya yi duka, ya ɗaure masa hannun hagu da tsumma, duk a banza. Wata shekara bayan an gama girbi suka yi wata babbar rigima a kan gatari guda, Yaya Habu ya ce zai tafi ci-rani Kurmi, can ƙasashen kudu. Baba bai ce masa zauna ba, bai ce masa tafi ba. Ranar tafiyar dai ya bi shi har tasha, ya danƙa masa wuƙar nan a hannun hagu, ya juyo gida. Wasiƙa biyu muka samu daga Abijan, daga nan shiru. Baba ya rasu bai sake ganinsa ba.

Ku da kuka taso yanzu ba za ku gane abin da Inna ta haɗiye ba. Yaya Habu ɗan farinta ne, kuma matan zamaninsu ba sa kiran sunan ɗan fari, ba sa yabonsa, ba sa nuna suna kewarsa. Ita sai dai ta ce "wancan". Shekara talatin da 'yan kai, duk wanda ya dawo daga Kurmi ya shigo gaishe ta, tambayarta ba ta wuce, "Yaya mutanen can?" In ya ce suna lafiya, sai ta ce madalla, ta shiga wata hira. Ni da nake kusa da ita na san kunnenta na ƙofar gida duk lokacin da motar kudu ta tsaya. A haka idanunta suka tafi, ta koma gane mutane da murya da taɓawa.

Ni kuma a cikin shekarun nan na yi suna a wani abu da ban nema ba. Akwai dillalai masu bin ƙauyuka suna sayen tsofaffin kaya, takubba, awarwaro, wuƙaƙen zamanin Turawa, su kai Yamai wajen masu tara irin waɗannan abubuwa. Da jabu ta yi yawa, sai suka riƙa biyowa ta maƙerata in duba musu kafin su saya. Daga Maraɗi ake zuwa, daga Agiye, har daga hayin iyaka. Ban taɓa cewa abu na asali ne aka dawo aka ce na yi kuskure ba. To kun san ɗan Adam da yabo. Kaina ya kumbura, har na kai ina karɓar wuƙa ina kallon wani wuri, in faɗi hukuncinta kafin mai ita ya gama sallama. Uwarku kan ce da ni, Malam, wata rana idon nan naka zai kai ka inda ba ka so. Ni kuwa in ce mata ta kula da tukunyarta.

Shekarar da nake son ba ku labari, ana cikin zafin bazara, kowa ya gyara gona ana jiran ruwan shuka. Bayan azahar wani mutum ya yi sallama a maƙera, ɗan shekara talatin ko kusa, dogo, da jakar baya da takalmin da ya sha tafiya. Hausarsa a karkace take, irin ta waɗanda aka haifa a Kurmi. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya tambaya ko nan ne gidan maƙera. Na ce nan ne.

"Sunana Lawali," ya ce. "Ni ɗan Habu ne. Allah ya yi masa rasuwa cikin azumin da ya wuce. Ya ce in na zo Gazawa in nemi ƙanensa Garba, in nuna masa wannan."

Ya zaro wani ƙyalle daga aljihun gaba, ya warware, sai ga wuƙa mai baƙin mariƙi da ƙusoshi uku. Na yi salati, na yi wa Yaya addu'a, amma ban miƙa hannu na karɓa ba. Na ce ya mayar aljihu tukuna, ya shigo ya sha ruwa. Ni na shiga na gaya wa Inna rasuwar. Ba ta yi kuka ba, ta dai daɗe tana murza bakin zanenta, sannan ta ce a shigo mata da baƙon. Ya durƙusa gabanta, ta laluba kansa, ta bi kunnuwansa da yatsu, ta sa shi ya sake yin sallama don ta ji muryar. Can sai na ji ta ce:

"Sai yanzu ka ga damar zuwa, maigida? Ina cefanena na shekara talatin?"

Kun san wannan wasa ne na kaka da jikanta, ba a yin shi da baƙo. Uwarku, da ke tsaye bakin madafa, ta dube ni. Na gane abin da kallon ke nufi sarai, na kau da kai.

Bari in faɗi abin da ke raina ranar, don ba na son ku ɗauke ni waliyyi. Shekarar da ta gabata an yi wani abu a wajen Agiye, wani ya zo ya ce shi ɗan wane ne da ya ɓace, aka karɓe shi, aka ba shi gonar uban, ya sayar ya gudu. Wannan na cikin kaina, kuma hujja ce mai kyau. Amma akwai ta biyu da ba ta da kyau. Gonar arewa rabon Yaya Habu ce, ni nake nomanta tun rasuwar Baba, ni na zuba mata taki, ni na dasa itatuwan da ke kan iyakarta. Ban ce a raina zan hana ɗan Yaya gonar ubansa ba, Allah ya sani. Na dai ce sai na tabbatar, kuma na ji daɗin cewa hanyar tabbatarwar tana hannuna. Na aika wa mai unguwa da dattawan maƙwabta cewa su zo zaure da hantsi, za a duba shaida.

"Malam," in ji uwarku, "ka duba ta kai kaɗai cikin maƙera mana. Mi ya kawo taron mutane?"

Na ce mata abin da aka yi a gaban shaidu shi ba ya dawowa. Gaskiyar magana kuwa, na saba a kalle ni ina aikin nan, kuma ina son a kalla.

Da hantsi zaure ya cika. Lawali ya miƙo wuƙar da hannu biyu, fuskarsa a sake, don shi bai da shakkar komai. Tana sauka tafina na san ba ita ba ce. Ta yi sauƙi. Da a nan na tsaya, na ja shi gefe, da labarin ya zama wani. Amma sai na bi ta daki-daki yadda nake yi wa dillalai, ina yi ina bayani. Na rufe ta, ba ta tsaya a rabi ba, ta faɗa gaba ɗaya da wata ƙara a dushe. Na sa farce a kan ɗan kifin, na ce su duba, na asali da hatimi ake buga shi tun ƙarfen na da zafi, farce na faɗawa ciki, wannan kuwa zane ne a sama-sama. Na sa aka kawo lemun tsami na matsa a ruwanta muka jira. Tsohon ƙarfe yakan yi duhu nan da nan, wannan ko gezau. Dattawa na ta gyaɗa kai. Lawali ya daina murmushi, yana bin hannuna da ido.

Daga nan na yi abin da har yau in na tuna sai na runtse ido. Na ce a kawo mini allura da garwashi. Na riƙe allurar da awartaki har ta yi ja, na ce wa jama'a in ƙaho ne za su ji ƙaurin gashi, kuma allura ba za ta shiga ba. Na dangwala ta a mariƙin. Ta nutse kamar a cikin man shanu, wani baƙin hayaƙi ya tashi, warin ƙonanniyar roba ya cika zauren. Wani ya yi tari, wani ya yi 'yar dariya. Na aje wuƙar bisa tabarma na ce wannan ba wuƙar Baba ba ce, irin wadda ake zubawa a faranti a bakin tasha ce.

"Babana bai taɓa yi mini ƙarya ba," in ji Lawali, muryarsa ƙasa-ƙasa.

"To ɗaya cikin biyu ne," na ce. "Ko shi ya yi maka, ko kai ka yi mana."

Ya dubi wuƙar ya daɗe, sannan ya tashi ya ɗauki jakarsa. Mai unguwa ya ce ya ɗauki abinsa, Lawali ya ce a'a, a bar ta nan, shi bai san ta mece ce ba kuma. Ya tsaya bakin ƙofar cikin gida kamar zai nemi yi wa tsohuwa sallama, ya dube ni, ni kuma ban ce masa shiga ba. Ya juya ya fita.

Da mutane suka watse na shiga wurin Inna. Tana zaune bakin ƙofar ɗakinta, ta ji komai, don zauren ba nisa.

"Garba, ka gama?"

"Na gama, Inna. Ba ta Baba ba ce."

"To. Kai ka san ƙarfe," ta ce. "Miƙo mini ita."

Na ba ta, ta ƙulle a bakin zane. Ba ta sake tayar da zancen ba. Ruwa ya sauka bayan kwana huɗu, muka yi shuka, na shuka gonar arewa kamar kullum. Damina ta yi kyau shekarar, amma gidan bai yi daɗi ba. Uwarku ta rage magana da ni, in ta kawo tuwo ta aje ta tafi. Inna ta rage ci, ta daina tambayar matafiya yaya mutanen can. Abin da na lura kawai, ta aje wuƙarta ta da, komai da wannan take yankawa. Goro da ita, kuɓewar da za a shanya da ita, har zaren da take tufka da ita take tsinkewa. Na ɗauka rigimar tsufa ce, na ƙyale ta.

Sai da aka fara yankan gero, wata safiya ta kira ni ta ce wuƙar ga ta dushe, in wasa mata. Na karɓa ina gunaguni, na ce wannan ai ba ta cancanci dutse ba. Na zauna bakin maƙera, na zuba wa dutsen washi ruwa, na ɗora ta. Ta ƙi kwanciya. Na gyara riƙo, na sake ɗorawa, bakin na ta tashi daga dutsen. Shekara hamsin ina washi, ban taɓa kokawa da ƙaramar wuƙa haka ba. Cikin haushi na mayar da ita hannun hagu don in ga ko lanƙwasa gare ta. Tana komawa hagu ta kwanta lif a kan dutsen, kamar can ne gidanta.

Na share ta da riga na fito haske, na dube ta, karo na farko ba don in kama ta da laifi ba. Kaifin duk ta gefe ɗaya aka ci shi, gefen da bahago ke ci, kuma ba washin wata ɗaya ko shekara ɗaya ba ne, ruwan ya rame har ya kusa rabi. Daga gindi an bar faɗin yatsa guda ba a wasa ba. Wannan koyarwar Baba ce, yakan ce a bar wa babban yatsa wurin zama, kuma ban taɓa ganin wani gidan maƙera na yin haka ba. Sannan na dubi ƙusar da ruwan ke juyawa a kanta. Ba ta kamfani ba ce, an canza ta da ƙusar ƙarfe, an daddale kanta da bugu huɗu, biyu a tsaye biyu a gicciye. Haka Baba ke rufe ƙusa, haka ya koya mana mu biyu, haka nake yi har yau. Duk wannan yana jikinta ranar da na riƙe ta a zaure. Na duba abin da kamfani ya yi da abin da bai yi ba, ban duba abin da hannun mutum ya yi ba ko sau ɗaya.

Na koma wurin Inna, na zauna ƙasa gabanta.

"Inna, hannun hagu ne ya wasa wuƙar ga. Kuma ɗan gidan nan ne."

"Na sani tun ranar da ka miƙo mini ita," ta ce. "Yatsana ya faɗa inda nashi ya zauna."

"To mi ya hana ki faɗa?"

"A gaban maza zan fito in tsaya wa wancan shaida? Kai kuma tun kana ƙarami in an faɗa maka abu ba ka ji, sai hannunka ya taɓa. Wata biyar ke nan ina yanke-yanke da ita, ina jiran ta dushe."

Ban san lokacin da hawaye suka zubo mini ba. Uwarku na jinmu daga madafa, ba ta ce ai na gaya maka ba, Allah ya saka mata. Ta dai shiga ɗaki ta fito mini da rigar tafiya.

Neman Lawali bai yi wuya ba, abin da ya ƙara mini kunya ke nan. Na tambayi 'yan kabu-kabu, masu haya da babur, a tasha, nan take wani ya ce ai mai Hausar Kurmin nan yana Cadakori, wajen wani mai gyaran babura. Ashe bai koma Abijan ba, yana nan cikin jiharmu duk daminar, ni ne ban tambaya ba. Na bar yankan gero a hannun ma'aikata, na hau mota zuwa Maraɗi, daga can na sami wata zuwa Cadakori. Na isa ranar kasuwa, rana tsaka. Na same shi ƙarƙashin wata bishiyar bedi, ya kwance injin babur, hannunsa baƙi ƙirin da mai. Da ya gan ni ya miƙe ya gaishe ni da ladabi, ya jawo mini benci, ya koma kan aikinsa. Na zaro wuƙar na nuna masa kaifin, da wurin yatsa, da bugu huɗun nan, ina ta zuba bayani kamar yadda na saba. Ya bar ni har na gama.

"Na sani, Baba," ya ce. "Ranar da na bar gidanku na kira mahaifiyata a waya. Ta ce ina da shekara huɗu na yi ciwon da aka fid da rai da ni. Babana ya kai ta asalin wurin wani mai tara tsofaffin kaya a bakin teku, ya sayar, aka kai ni likita. Ya sayi wannan a kasuwa don aljihunsa ya saba da nauyi. Ya hana ta gaya mini, wai kada in taso ina ganin ni na cinye wuƙar kakana."

Na ce ya yafe mini korar da na yi masa.

"Korar ba ta dame ni ba, ban san ku ba, ba ku san ni ba. Abin da ya yi mini ciwo, kun tara mutane kun mai da babana maƙaryaci, shi kuma yana ƙasa, ba shi da bakin da zai yi bayani."

Wannan maganar ta fi allurar da na ƙona zafi, kuma na cancance ta. Na ce masa gaskiya ne, kuma mutanen da na tara zan sake tara su, a zauren nan, in faɗi da bakina. Na ce ban zo in roƙe shi don kaina ba, tsohuwa ce ke ta ramewa. Ya jujjuya sifana a hannu. Can ya tambaya ko tana cin abinci. Na ce kaɗan. Ya ce in jira ya haɗa injin nan, don mai babur ɗin daga Sae Sabuwa ya turo shi, ba zai bar shi a kwance ba. Na zauna kan bencin ina kallonsa har ya gama, ya wanke hannu da kanwa, ya yi wa maigidansa sallama. A hanya bai yi mini magana ba sai da muka wuce Agiye, ya ce babansa kullum yana faɗin ƙanensa Garba akwai kafiya amma ba shi da mugunta. Na ce rabin farko dai na tabbata.

Washegari na tara mai unguwa da dattawan nan, duk wanda ya shaƙi warin robar na tabbatar ya zo. Na ce wuƙa jabu ce kamar yadda na faɗa, mai ita kuma ɗan Yaya Habu ne, Yaya Habu kuma bai yi ƙaryar da za a zarge shi ba, ya sayar da abin da ya fi so don ɗansa ya rayu. Na ce gonar arewa ta Lawali ce, da geron da ke cikinta na bana. Wanda ya yi dariya ranar farko shi ya fara miƙa wa Lawali hannu. Daga ranar ban sake duba wa dillali wuƙa ba. Sun yi ta zuwa, na ce idona ya lalace, kuma ban yi ƙarya ba.

Inna ta samu kwana goma sha tara da Lawali. Kullum da hantsi yana zaune bakin ƙofarta, tana tsokanarsa wai miji ne marar cefane, shi kuma yana zuba mata Hausar Kurmi tana dariya. Ta koma cin tuwo. Na yi zaton ta warware, ashe ƙarfin ƙarshe ne. Ana saura kwana biyu ta rasu, ina zaune gefe ina gyara mata igiyar gado, sai na ji ta kama hannunsa ta ce:

"Habu ya sha wuya kafin ya cika?"

Tunda aka haife ni ban taɓa jin sunan nan a bakinta ba sai ranar. Lawali ya ce a'a, cikin barci ya tafi, kuma da sunanta a bakinsa ya kwanta. Ta ce alhamdu lillahi, ta saki hannunsa, ta ce a ba ta ruwa.

Wata biyar da kwana goma sha tara ya kamata ta samu, ni na cinye mata wata biyar ɗin. Lawali ya yafe mini, ita ma na roƙe ta ta yafe, amma kwanakin ba su dawo ba. Don haka duk wanda ya sake cewa alfarma aka yi wa ɗan'uwanku, ku kawo shi gabana in ina raye, in kuma na tafi ku karanta masa wannan.

Wuƙar tana cikin akwatina, naɗe da ƙyallen da ta zo a ciki. Na mayar wa Lawali, ya ce in riƙe har ƙarshen raina, bayan nan ta koma ga babban ɗansa. In wani dillali ya gan ta ya ce muku jabu ce, ku ce masa kun sani. Ku dai buɗe ta ku duba da kyau kafin ku miƙa. Kaifin na Yaya Habu ne, wurin yatsan nasa ne, ƙusar ma shi ya buga. Kusa da ƙusa ta biyu za ku ga wani ɗan rami baƙi, bakinsa a narke. Wannan shi kaɗai ne aikina a jikinta.